Daga tekun Norwe zuwa Lambar Rimi: Me ya hana iskar Katsina zama lantarki?

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Marusa da hantsi a ranar da babu wuta, kunnensa ne zai fara ba shi labari kafin idonsa. Mai walda ya tayar da injinsa, mai niƙa ya tayar da nasa, tela da mai aski da mai cajin waya kowa da ɗan janaretonsa a bakin shago. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, wannan ƙara ta zama ƙarar ribar da ke zurarewa daga aljihun masu sana'a. Idan hunturu ya kama kuwa, iskar arewa maso gabas takan ratsa unguwar, ta baɗe kayan 'yan tireda da ƙura, ta wuce abinta ba tare da ta kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba.

Abin da ke ƙara wa lamarin ɗaci shi ne, tafiyar kimanin kilomita 25 kawai daga birnin, a Lambar Rimi da ke ƙaramar hukumar Rimi, akwai injinan iska 37 da aka kafa musamman domin su kama wannan iska su mayar da ita wutar lantarki. Kowannensu na da ƙarfin kilowat 275, jimilla megawat 10 da 'yan kai. Shekara ashirin ke nan ana maganar tashar, amma har yau mai walda a Ƙofar Marusa bai ga ranar da zai ce albarkacinta ya rage sayen mai ba.

A cikin waɗannan shekaru, wasu ƙasashe sun bar tudu sun shiga teku da injinan iska, daga baya suka wuce bakin gaɓa suka nausa cikin ruwa mai zurfi, inda injinan ke tsaye a kan abin da ke iyo kamar jirgi. Labarin wannan sabuwar fasaha ya cancanci 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati su san shi, domin irinsa ne kan dawo gida cikin jakar 'yan kwangila da masu rattaba hannu a kan yarjejeniyoyin fahimtar juna. Sannan a cikinsa akwai amsar abin da ya samu Lambar Rimi.

Injin da ke iyo

Dalilin shiga teku ba ɓoyayye ba ne. Iskar teku ta fi ta tudu ƙarfi da ɗorewa, saboda babu duwatsu ko gine-gine ko itatuwa da ke karya ta. Kuma ƙa'idar wannan sana'a ita ce, idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta yakan ninka sau takwas. Ɗan bambanci kaɗan a gudun iska shi ke raba tashar da za ta biya kuɗinta da wadda za ta zama kayan kallo.

Injinan teku na farko an kafa su ne a kan turakun ƙarfe da ake bugawa har cikin ƙasan teku. Wannan dabara tana aiki muddin zurfin ruwan bai wuce kimanin mita 60 ba. Daga nan tsadar turken takan cinye ribar. Alhali kuwa mafi yawan iskar teku mai kyau, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙiyasin masana harkar, tana kaɗawa ne a kan ruwan da ya fi haka zurfi. Ƙasashe irin su Japan da Fotugal da Norwe, da jihar Kalifoniya ta Amurka, tekunsu na yin zurfi da zarar an ɗan matsa daga gaɓa. Mafitar da injiniyoyi suka samo, sun aro ta ne daga masu haƙar mai a teku: a ɗora injin a kan gangar ƙarfe ko ta kankare mai iyo, a cika gindinta da nauyi don kada ta kife, a ɗaure ta da sarƙoƙi zuwa ƙasan teku, sannan a ja wayar lantarki ta ƙarƙashin ruwa zuwa tudu.

Kamfanin man Norwe, wanda a yanzu ake kira Equinor, shi ya fara gwada babban inji irin wannan a shekarar 2009 a kusa da tsibirin Karmøy, mai ƙarfin megawat 2.3. A 2017 ya buɗe Hywind Scotland a gaɓar garin Peterhead na Sikotland, tashar farko ta irinta a duniya: injina biyar, kowanne megawat 6, jimilla 30. Tsayin kowane inji daga gindinsa da ke cikin ruwa zuwa ƙarshen fiffikensa ya kai mita 253, kuma mita 78 daga ciki na nutse ne a ƙarƙashin ruwa. Fotugal ta biyo baya a 2020 da WindFloat Atlantic mai megawat 25, sai Kincardine mai kusan megawat 50 a gaɓar Aberdeen a 2021. A watan Agustan 2023 aka buɗe Hywind Tampen a tekun Norwe, injina 11 masu ba da megawat 88, a nisan kimanin kilomita 140 daga tudu, a ruwan da zurfinsa ya kai mita 260 zuwa 300. Wani abin lura game da ita: wutarta ba gidajen jama'a take zuwa ba, dandamalan haƙar mai na Snorre da Gullfaks take ciyarwa, inda aka tsara ta ɗauke kimanin kashi 35 cikin 100 na buƙatarsu.

Ta fuskar aiki, fasahar ta fitar da masu ita kunya. A shekarunta biyar na farko, Hywind Scotland ta samar da fiye da rabin iyakar abin da za ta iya bayarwa da a ce tana juyawa da cikakken ƙarfi dare da rana. Tashoshin tudu da yawa ba sa kaiwa kashi ɗaya cikin uku.

Inda gizo ke saƙar

Sai dai takardun talla ba su cika faɗin sauran labarin ba. Zuwa ƙarshen 2024, duk injinan iska masu iyo da ke aiki a faɗin duniya ba su kai megawat 300 ba, a lokacin da na teku masu kafaffen turke suka haura megawat dubu 80. Tsada ce ta riƙe su. A gwanjon da gwamnatin Birtaniya ta yi a watan Satumban 2024, aikin Green Volt mai iyo ya samu kwangilar megawat 400 a kan kusan fam 140 kowace megawat-awa, bisa farashin 2012 da ake lissafin gwanjon da shi, yayin da masu kafaffen turke suka karɓi ƙasa da fam 60. Ninki biyu ke nan da ɗoriya. Shekara guda kafin nan, a gwanjon 2023, ko kamfani ɗaya bai taya aikin iskar teku ba, saboda farashin da gwamnati ta yanka bai kai kuɗin ƙarfe da kuɗin ruwan banki ba. Faransa ta samu tayi mai sauƙi a watan Mayun 2024, kimanin yuro 86 a kan tashar megawat 250 da za a gina a kudancin yankin Bretagne, amma wannan alƙawari ne a kan takarda tukuna.

Japan ta kafa injinan gwaji masu iyo a tekun Fukushima bayan bala'in tashar nukiliya na 2011, daga baya ta kwashe su duka saboda ba su biyan kuɗin kula da su. A Amurka, kamfanoni sun biya dala miliyan 757 a watan Disambar 2022 don samun filayen teku biyar a gaɓar Kalifoniya, sai ga shi a ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da ba da sababbin filayen iskar teku. Canjin gwamnati kan karya aiki a can ma, ba a Najeriya kaɗai ba.

Babban darasin kuwa yana wajen gyara. A 2022 sai da aka kwance ɗaya daga cikin injinan Kincardine aka ja shi a ruwa har tashar jiragen ruwa ta Rotterdam a ƙasar Holan don a gyara shi. A 2024 aka ja dukkan injinan Hywind Scotland biyar zuwa Norwe domin babban gyara, bayan shekara bakwai kacal da fara aiki, aka kuma mayar da su wurinsu. Wato ko a hannun waɗanda suka ƙirƙiri abin, inji yakan lalace. Bambancin shi ne akwai wanda nauyin gyaran ke wuyansa, akwai kuɗin da aka ware tun ranar farko, akwai tashar jiragen ruwa da ƙugiyar ɗaga kaya da ma'aikatan da suka san aikin, kuma akwai mai sayen wutar da ke jiran ta dawo. Inji shi ne abin da ido ke gani, amma shi ne mafi sauƙin samu a cikin duk abubuwan da ke sa tasha ta rayu.

Ko Najeriya na da rabo a teku?

Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon fiye da kilomita 800, kuma ba baƙuwa ba ce wajen manyan gine-gine masu iyo. Tun 2005 jirgin haƙar mai na Bonga ke aiki a ruwan da zurfinsa ya wuce mita 1,000, kuma an haɗa wani sashe na jirgin Egina a Legas kafin ya fara aiki a ƙarshen 2018. Masu walda a ƙarƙashin ruwa da masu jan sarƙoƙi da jiragen dakon kaya duk akwai su. Abin da ya yi ƙaranci shi ne iskar kanta. Mashigin tekun Gini yana kusa da tsakiyar duniya, yankin da iska ba ta da ƙarfi a mafi yawan shekara, ba kamar Tekun Arewa na Turai ko gaɓar Maroko da Afirka ta Kudu ba. Idan aka tuna ƙa'idar ninki takwas ɗin nan, inji mai tsadar gaske a kan iska mai rauni asara ce da aka ƙulla tun daga tushe.

Iskar Najeriya mai amfani a Arewa take, a kan tudu: filayen Katsina da Sakkwato da tsaunukan Filato. A nan ba a buƙatar ganga mai iyo ko jirgin ja. Tirela da titi sun wadatar. Saboda haka duk ranar da aka ji wani jami'i na shelar yarjejeniyar kafa injinan iska a tekun Legas ko na Bayelsa, tambayar farko da ta kamata a yi masa ita ce sakamakon awon iskar wurin na aƙalla shekara guda, ta biyu kuma ita ce ina aka kwana a Lambar Rimi.

Yadda aka faro

Marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya ɗauko maganar tashar a 2005 yana gwamnan Katsina. Bayan ya zama shugaban ƙasa a 2007, gwamnatin tarayya ta karɓi aikin, aka kuma ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangilar kafa injinan. Zaɓin injinan ba na ganganci ba ne. Irin masu fiffike biyu ne, a kan turke mai tsayin mita 55 da igiyoyin ƙarfe ke riƙe da shi, kuma an ƙera su yadda za a iya kwantar da turken ƙasa a yi gyara ba tare da an ɗauko babbar ƙugiya daga Legas ba. An yi su ne don wuraren da kayan aiki ke wuyar samu. A taƙaice, matsalar da ta sa Turawa ke jan injinansu ɗaruruwan kilomita a teku, a Lambar Rimi an warware ta tun a masana'anta.

Abin da ba a yi tanadinsa ba shi ne tsaro. A daren 19 ga Disambar 2012 'yan bindiga suka kai hari gidan da injiniyan kamfanin, Francis Collomp, ke zaune a garin Rimi, suka yi awon gaba da shi. Ƙungiyar Ansaru ta ɗauki alhakin sace shi. Ya shafe wata goma sha ɗaya a hannunsu kafin ya kuɓuta da kansa a Zariya a watan Nuwamban 2013. Aikin ya tsaya cik, kuma tun daga lokacin bai sake samun tafiya miƙaƙƙiya ba. Ministocin lantarki sun zo sun wuce, an sha kai ziyarar gani da ido, an sha sanar da cewa aiki ya kammala ko ya kusa. Kayan da ke tsaye a fili kuwa ba sa jiran takardar ofis. Rana na dukansu, ƙurar hunturu na shiga gaɓoɓinsu, ɓarayin waya na kewaya su, fasahar kanta na tsufa. A yau akwai injin teku guda ɗaya tak mai ƙarfin megawat 15, wato ya fi duka 37 ɗin Lambar Rimi a haɗe.

Ba za a ce iskar Afirka ce ba ta karɓi fasahar ba. Shi wannan kamfani na Vergnet shi ya jagoranci gina tashar Ashegoda mai megawat 120 a ƙasar Habasha, aka buɗe ta a 2013. Senegal, wadda ke yankin Sahel kamar Katsina, ta kafa injina 46 a Taiba N'Diaye masu ba da megawat 158, suka fara aiki a 2020. Kenya na da tashar Tafkin Turkana mai injina 365 da megawat 310. Ita ma Turkana ta ɗanɗana irin nata: an gama kafa injinan a 2017, amma layin da zai kwashe wutar bai kammala ba sai a 2018, dole gwamnatin Kenya ta biya masu tashar diyyar wutar da ba a sha ba. Wannan tarar ce ta sa aka gaggauta layin. A Lambar Rimi babu wanda jinkiri ke ci wa aljihu, in ban da masu sana'ar da ke sayen mai a galan.

A nan ne bambancin yake. Taiba N'Diaye da Turkana na 'yan kasuwa ne da suka ci bashin banki suka gina, suka kuma ƙulla yarjejeniyar sayar da wuta ta shekaru masu yawa. Idan fiffike ya tsaya, kuɗinsu ne ya tsaya. Lambar Rimi kuwa kwangilar gwamnati ce irin wadda aka saba: a ware kuɗi a kasafi, a kawo kaya, a kafa, a jira ranar yanke ƙyalle. Wanda zai riƙe tashar shekara ashirin bayan bikin, da wanda zai sayi wutar, da farashin da zai biya, su ne tambayoyin da irin wannan tsari kan bari sai daga baya.

Megawat goma, me za ta tsinana?

Wani zai ce megawat 10 ba ta taka kara ta karya ba a ƙasar da ke raba megawat dubu huɗu zuwa dubu biyar tsakanin mutum fiye da miliyan 200. Gaskiya ne ba za ta haska jihar Katsina ba, kuma duk ɗan siyasar da ya ce za ta yi, ya faɗi son ransa. Amma a yi lissafin 'yan kasuwa. Idan aka ƙaddara tashar za ta ba da kashi ɗaya cikin huɗu kacal na cikakken ƙarfinta a tsawon shekara, za a samu yunit kusan miliyan 22. Janareton dizal mai lafiya yakan ba da wajen yunit uku a kan kowace lita. Ke nan ana maganar abin da ya kai lita miliyan bakwai na dizal a shekara. Kowane ɗan kasuwa ya san kuɗin lita a gidan man unguwarsu, sai ya ninka ya gani.

Akwai kuma darajar wutar da aka samar a kusa da gida. Katsina na can ƙarshen layi ne. Wutar da kamfanin KEDCO ke rabawa a jihohin Kano da Katsina da Jigawa daga nesa take tahowa, daga madatsun ruwa na jihar Neja da tashoshin gas na Kudu. A watan Oktoban 2024 an ga abin da hakan ke nufi, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Ugwuaji da Apir shi ma ya samu matsala, akasarin jihohin Arewa suka kwana fiye da mako guda a cikin duhu. Masu ƙanƙara da masu kifi da masu sayar da magungunan da ke buƙatar sanyi ba su manta da wannan mako ba. Sai dai a nan ma akwai sharaɗi: tashar iska da aka jona da babban layin ƙasa takan mutu tare da shi idan ya faɗi, sai fa in an tsara ta da batura da layinta na musamman da zai iya tsayawa da ƙafarsa. Haɗa ta da faifan hasken rana zai ƙara mata amfani, domin iska da rana ba lokaci ɗaya suke ƙarfi ba.

Uzurin da jihohi suka daɗe suna fakewa da shi, cewa lantarki hurumin tarayya ne, ya kau. Gyaran tsarin mulki da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, da Dokar Lantarki da Shugaba Bola Tinubu ya rattaba wa hannu a watan Yunin shekarar, sun ba jihohi ikon samar da wuta da dakonta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta bayyana aniyar farfaɗo da tashar Lambar Rimi. Aniya kuwa an ji ta daga bakin gwamnatoci da dama kafin wannan, don haka abin da zai bambanta wannan karo sai an gan shi a rubuce.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Katsina da 'yan majalisar dokokin jihar na da damar neman a bayyana wa jama'a abubuwa ƙalilan: injina nawa ne cikin 37 ke da lafiya a yau, wa ke da mallakar tashar tsakanin tarayya da jiha, wane kamfani ne zai riƙe gyaranta na tsawon shekaru kuma da wane kuɗi, matasan jihar nawa aka horar su kwantar da turke su canja abin da ya lalace, wa zai tsare wurin da dare, kuma wane layi ne zai ɗauki wutar. Ta ƙarshen ita ta fi shafar masu shaguna. Tun daga watan Afrilun 2024 da aka tsauwala farashi ga masu layin da ake kira Band A, rabon wuta ya koma bin inda kuɗi ya fi fitowa. Idan ba a rubuta tun yanzu cewa wani kaso na wutar Lambar Rimi zai bi layukan kasuwanni da unguwannin masu sana'a irin Ƙofar Marusa ba, injinan na iya juyawa wutar ta ƙare a gidajen gwamnati da manyan unguwanni, mai walda kuma ya ci gaba da aika yaronsa gidan mai da galan.